Wa Ya Cancanci Kujera Idan Ƙungiyoyin Masu Haɗa Gaɓoɓin Roba Suka Zama Ɗaya?

Idan ƙungiyoyin sana'a biyu suka yanke shawarar haɗewa, akwai batutuwan da kan ƙare a zama guda: sunan da za a ɗauka, tambarin da za a buga a kan takarda, asusun bankin da za a rufe, da abin da kowa zai riƙa biya a shekara. Inda magana kan cije shi ne saɗarar kundin tsarin mulki da ke fayyace wanda ya cancanci hawa kujerar majalisar gudanarwa. A sana'ar masu haɗa ƙafa da hannun roba, da 'yan'uwansu masu ƙera abubuwan tallafar gaɓoɓi, wannan saɗara ta fi nauyi a kan yadda take a sauran sana'o'in asibiti, domin masu sana'ar ba su da yawa, ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba, kuma da yawansu suna sayar da abin da suke haɗawa. Ma'aikatan fannin a Gombe da Bauchi, duk ranar da irin wannan magana ta taso a matakin shiyya ko na ƙasa, za su amfana da sanin yadda ta kaya a wasu ƙasashe, da kuma inda halinmu ya saɓa da nasu.

Sana'ar reshe biyu gare ta. Na farko shi ne maye gurbin gaɓar da aka rasa: a ɗauki awon dungu da filasta, a ƙera kwanson da zai shiga, a haɗa masa bututu da tafin ƙafa, a yi ta daidaitawa har mutum ya taka ba tare da gyambo ya fito masa ba. Na biyu shi ne tallafar gaɓar da take nan amma ta gaza, kamar ƙarfen ƙafa ga wanda shan inna ya taɓa, takalmin yaron da aka haifa da ƙafa a lanƙwashe, abin ɗaure gadon baya, da takalmi na musamman ga mai ciwon sukari ko wanda kuturta ta kashe wa jin tafin ƙafa. Duk wanda ya san ɗakin masu karaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ya san daga ina masu buƙata ke fitowa: haɗarin babur da na mota, ciwon sukari, ɗorin gida da aka matse har gaɓa ta ruɓe, saran macijin da aka makara kai wa asibiti, da raunukan rikicin Arewa maso Gabas. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar kan wannan aiki a 2017, ta ƙiyasta cewa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na al'umma ne ke buƙatarsa, wato mutum 5,000 a kowane miliyan, kuma ɗaya cikin goma ne kawai ke samun abin da yake buƙata.

Masu biyan wannan buƙata hawa-hawa ne. Ƙungiyar masana fannin ta duniya, ISPO, wadda aka kafa a Kofanhegan a 1970, ta kasa su mataki uku: ƙwararre mai digiri wanda ke duba majiyyaci ya tsara abin da za a yi masa, mataimakin ƙwararre mai horon da bai kai nasa tsawo ba, da ma'aikacin teburi wanda ke ƙera kayan. A Najeriya akwai masu digiri daga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri, da masu difloma da babbar difloma daga kwalejin da ke Igbobi a Legas, da waɗanda suka yi karatu a waje, a makarantu irin na Moshi a Tanzaniya ko Lome a Togo. Akwai kuma jama'ar da ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu, waɗanda suka koyi aikin a gaban teburi, wasu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wasu a tsofaffin asibitocin kuturta na mishan, har da dukawa da masu walda da aikin ya janyo. Ba abin mamaki ba ne a shiga ɗakin haɗa gaɓoɓi a tarar da cewa wanda ya fi kowa iya gyaran kwanso dattijo ne marar takarda, wanda ke sa hannu a kan fayil kuma saurayi ne da ya gama hidimar ƙasa kwanan nan. Idan ƙungiyar ɗayansu ta haɗe da ta ɗayan, wanene zai shugabanci wani?

Amurka ta daɗe tana fama da wannan tambaya, kuma tsarinta ne ya jawo haka. A can akwai AOPA, wadda tushenta ya koma 1917, kuma 'ya'yanta kamfanoni ne, wato masu wuraren haɗa gaɓoɓi da masu sayar musu da kaya. Akwai AAOP, wadda aka kafa a 1970, 'ya'yanta ɗaiɗaikun ƙwararru ne. Sai ABC, hukumar jarrabawa da ba da shaidar ƙwarewa da aka kafa a 1948, da kishiyarta BOC da ta zo a 1984 da hanyar da ta fi ba wa gogewar aiki muhimmanci. Tun da wasu jihohin Amurka ne kawai ke ba da lasisin wannan sana'a, shaidar waɗannan hukumomi masu zaman kansu ita ce ke buɗe wa mutum ƙofar aiki da ta karɓar kuɗin inshora, har wata dokar tarayya ta shekarar 2000 ta ambaci hukumomin biyu da sunayensu.

A 1999 an kai shirin dunƙule AOPA da AAOP da ABC gaban masu ƙuri'a, bai kuwa samu ƙuri'un da ake buƙata ba. Wanda ya dubi yadda aka gina ƙungiyoyin uku zai ga wahalar tun daga nesa. A ɗaya, kamfani ne ke da ƙuri'a, kuma mai kamfani yana iya zama ɗan kasuwar da bai taɓa ɗaukar awon dungu ba. A ta biyu, mutum ne ke da ƙuri'a, kuma ƙungiyar ta daɗe tana ɗaure cikakken zama ɗa da riƙe shaidar ABC. Ta uku kuwa aikinta alƙalanci ne, tana cewa wane ya ci, wane ya faɗi. Idan aka ɗora majalisa guda a kan dukansu, duk sharaɗin cancantar da aka rubuta sai ya cuci wani ɓangare: a buɗe kujeru ga masu kamfani, sai masu ɗaukar ma'aikata su zama iyayen gidan hukumar da ke yanke yawan ma'aikatan da za su shigo kasuwa da tsananin jarrabawarsu, a rufe musu, sai su ce da kuɗinsu ake tafiyar da ƙungiyar da ba su da ta cewa a cikinta.

Bayan 'yan shekaru ABC da BOC suka zauna don zama hukuma ɗaya, tattaunawar ta watse a 2004, sannan ABC ta buɗe wa masu shaidar BOC ƙofar karɓar tata shaidar, abin da bai yi wa wasu daga cikin waɗanda suka bi doguwar hanyar jami'a da zaman ƙwarewa daɗi ba. Har yau hukumomin biyu suna nan kowace da gidanta. Amma a 2007 hukumar masu aikin takalman gyaran ƙafa ta narke cikin ABC, aka ƙara fanninsu a sunan hukumar, aka ci gaba da tafiya. A ganina dalilin bambancin a fili yake. Masu takalma suna da shaidarsu dabam da iyakar aikinsu dabam, saboda haka zamansu a majalisa bai rage darajar takardar kowa ba, alhali a lokacin ABC da BOC suna ba da shaida ne a kan aiki ɗaya ta hanyoyi biyu, kuma amincewa da cancantar mutum ga kujera daidai yake da amincewa cewa takardarsa ta kai taka.

Kanada ta bi wata hanya. A 2015 ƙungiyar ƙwararru da hukumar ba da shaida suka koma ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna OPC, amma aka bar sha'anin jarrabawa da ba da shaida a hannun hukuma mai cin gashin kanta a cikin sabon tsarin. Birtaniya kuwa, inda ƙungiyoyi biyu suka haɗe suka haifi BAPO a tsakiyar shekarun 1990, rajista tana hannun hukumar da doka ta kafa, wadda a yau ake kira HCPC, kuma laifi ne mutum ya kira kansa da sunan sana'ar ba tare da rajistarta ba. Ƙungiya a can tana kare muradun 'ya'yanta ne, ba ita ke ba su izinin aiki ba.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe daga waɗannan misalai shi ne cewa tsananin sharaɗin hawa kujera ya kamata ya biyo girman ikon da kujerar ke riƙe da shi. Ta wannan fuska Najeriya ta fi kama da Birtaniya. Rajista da lasisin wannan sana'a suna hannun hukumar MRTB, wadda doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, kuma ita ce ke kula da masu gashin ƙashi da sauran sana'o'in farfaɗo da gaɓoɓi. Babu ƙungiyar sana'a, komai girmanta, da za ta mayar da marar lasisi mai lasisi ta hanyar zaɓensa ma'aji, kuma babu wadda za ta ƙwace lasisin wani don ya faɗi zaɓe. Saboda haka ƙungiyar da ta kwafo tsauraran sharuɗɗan hukumar jarrabawar Amurka ta liƙa a kundinta, tana gadin ƙofar da makullinta ba a hannunta yake ba.

Sai dai masu digiri suna da hujjar da bai kamata a yi watsi da ita ba. Ko da ƙungiya ba ta ba da lasisi, ita ce ke zuwa ma'aikatar lafiya idan ana maganar tsarin albashi da matakin da za a ɗauki sabon ma'aikaci, ita ake gayyata idan za a duba manhajar karatu, kuma muryarta ake ji idan ana gardamar wanda zai shugabanci sashe a asibiti. Takaddamar babbar difloma da digiri, wadda ta daɗe tana cin ma'aikatan gwamnati a ƙasar nan, tana nan daram a wannan fanni. Mai digiri yana tsoron kada majalisar da ma'aikatan teburi suka rinjaya ta je Abuja ta nemi a sassauta sharaɗin duba majiyyaci, ma'aikacin teburi kuma yana tsoron kada majalisar masu digiri ta nemi a rufe shagonsa da sunan yaƙi da 'yan bumburutu. Dukansu biyu ba mafarki suke yi ba.

Mafitar da na fi gamsuwa da ita ita ce a daina rubuta sharaɗi ɗaya ga dukan kujeru. Shugaba da mataimakinsa, waɗanda ke magana da yawun sana'a a gaban hukuma, da shugaban kwamitin ilimi da ƙa'idojin aiki, da na kwamitin ladabtarwa, a shardanta musu lasisi mai rai, wanda aka sabunta, ba wanda ya mutu shekara uku da suka wuce ba. Ma'aji, sakataren kuɗi, jami'in walwala da na hulɗa da jama'a kuwa, amana da iya aiki ake nema a wurinsu, kuma babu digirin da ke koyar da su. Bayan haka a ware wa ma'aikatan teburi kujerun da su kaɗai za su zaɓi masu hawansu, da cikakkiyar ƙuri'a a majalisa. Kujerar da aka ba mutum ya zauna ya saurara amma ba ya jefa ƙuri'a, wadda ake yawan yi wa ƙananan ma'aikata a matsayin alfarma, ba ta daɗewa kafin mai ita ya daina zuwa taro. Abin da ya rage shi ne a rubuta cewa duk shawarar da ta shafi iyakar aikin asibiti sai ta fito daga kwamitin masu lasisi, duk shawarar da za ta taɓa abincin ma'aikatan teburi kuma ba ta wucewa sai wakilansu sun halarta.

Akwai kuma abin da doka ta ce, wanda bai kai yawan da mutane ke zato ba. Yawancin ƙungiyoyin sana'a suna da rajista ne da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin amintattu, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ita ce ta kawo sashe na 849, wanda ya ba ƙungiyoyi biyu ko fiye masu manufofi iri ɗaya damar haɗewa bisa sharuɗɗan da hukumar ta gindaya. Wannan ƙaidi na kamancin manufa yana da muhimmanci a nan, domin ƙungiyar da aka kafa don kare kasuwar masu shaguna da wadda aka kafa don ɗaukaka ilimin sana'a sai sun nuna cewa hanyarsu ɗaya ce. Sashe na 826 kuma ya lissafa waɗanda ba za su zama amintattu ba: ƙaramin yaro, wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, wanda aka ayyana ya karye bai kuwa warware ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗinsa. Doka ba ta ce uffan a kan lasisi ko digiri ko shekarun aiki ba. Duk wannan an bar wa kundin ƙungiya.

Dole a bambanta kwamitin amintattu da majalisar gudanarwa, domin a nan ake yawan tafka kuskure. Amintattu su ne fuskar ƙungiya a gaban doka: da sunansu ake riƙe fili da kadara, su ake kai wa ƙara, su ke shigar da ita. Al'adarmu ta girmama na gaba ta sa akan cika wannan kwamiti da dattawan da suka kafa ƙungiya, ba tare da an sa musu wa'adi ba. Idan ƙungiyoyi biyu suka haɗe, kowace da amintattunta na har abada, sai a wayi gari da sabuwar majalisa zaɓaɓɓiya wadda ba ta iya taɓa kadara sai da sa hannun mutanen da wasunsu ba su goyi bayan haɗewar ba tun farko. Girmama dattijo ba ya buƙatar a ba shi hatimi har ƙarshen rayuwarsa. Ana iya kafa majalisar dattawa mai ba da shawara, a sa wa amintattu wa'adi da hanyar sauke su, a kuma hana mutum ɗaya riƙe amana da kujerar gudanarwa a lokaci guda.

Inda na ga ya fi dacewa a daɗe ana tunani shi ne lissafin shekaru, domin saɗarar da ta fi kowace kama da marar laifi ita ce ta fi yanke wa mutane hanya. Kusan kowane kundi yana cewa mai neman shugabanci sai ya yi shekara kaza yana ɗan ƙungiya, yana biyan kuɗinsa ba fashi. Mu ƙaddara an ce shekara biyar. Idan daga ranar haihuwar sabuwar ƙungiya za a fara ƙirga, babu wanda ya cancanta a zaɓen farko, sai majalisar riƙon ƙwarya ta sami hujjar zama har shekara biyar. Idan kuma shekarun tsohuwar ƙungiya za a ƙirga, to mu ƙaddara ɗaya ta shekara ashirin, ɗayar kuma ta shekara huɗu: an kori dukan 'ya'yan ƙaramar daga takara ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Gyaran da ya fi adalci shi ne a auna shekarun aiki a sana'a maimakon shekarun riƙe katin ƙungiya, a kuma karɓi zama ɗa a kowace daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin a matsayi ɗaya. Haka batun bashin kuɗin ƙungiya. Wata ƙungiya tana da rasit da littafi, wata kuwa a taro ake tara abin da ya samu, don haka sharaɗin nuna rasit na shekara uku zai hukunta mutum ne a kan sakacin sakatarensa. Gara a sa rana guda, a yanke adadi guda, duk wanda ya biya kafin ranar ya wanke kansa.

Wa'adin mulki ma yana da irin wannan tarko. Mutumin da ya yi zango biyu yana shugabantar tsohuwar ƙungiya zai ce sabuwa ce wannan, lissafi ya koma farko. Idan kundi ya yi shiru, da wuya a kayar da shi a wannan hujja, kuma ta haka haɗewa kan zama hanyar tazarce. Ni dai ina ganin shugabannin da suka jagoranci tattaunawar haɗewa, da 'yan majalisar riƙon ƙwarya, bai kamata su tsaya a zaɓen farko ba. Sharaɗi ne mai ɗaci, domin yakan zaunar da waɗanda suka fi kowa wahala a kan aikin, amma shi ne ke sa 'yan ƙungiya su yarda cewa ba ɗinka wa kansu riga suka yi ba lokacin da suke rubuta sharuɗɗan.

Sai rabon kujeru tsakanin tsagi biyu. A ce ƙungiyar masu lasisi tana da mutum 40, ta ma'aikatan teburi da masu shaguna tana da 120. Idan aka ce kowa ƙuri'a ɗaya ba wani tanadi, ƙaramar ta san ta shiga bakin babbar, ba za ta kuwa sa hannu ba. Idan aka raba kujeru gida biyu daidai har abada, ƙuri'ar mutum ɗaya ta zama daidai da ta uku, kuma an dawwamar da rabuwar da aka zo kashewa. Mun ga irin wannan a siyasa: jam'iyyun da suka narke suka zama APC a 2013 sun daɗe da mutuwa a takarda, amma har yanzu idan rabon muƙamai ya tashi sai a ji ana ƙirga 'yan tsohuwar CPC da na tsohuwar ACN. Rabon daidai yana da amfani a zango na farko, wataƙila da na biyu, da sharaɗin a rubuta ranar mutuwarsa a cikin kundin tun yanzu, ta yadda zai faɗi da kansa ba sai an kira taron gyara ba. Bayan nan kujerun da za a ware su zama na matakin aiki, ba na tsohuwar ƙungiyar da mutum ya fito ba, domin yaron da zai gama karatu shekara biyar nan gaba ba ɗan kowane tsagi ba ne.

Maganar 'yan kasuwa tana buƙatar taka-tsantsan. Gwiwar roba, tafin ƙafa, bututu da robar da ake narkawa a yi kwanso, galibinsu daga waje ake shigo da su, kuma mai shigo da su yana da muradi a duk shawarar da ƙungiya za ta ba gwamnati kan irin kayan da za a saya. Haka mai shagon da ke neman kwangilar rabon ƙafafun roba da 'yan siyasa da masu hannu da shuni kan ɗauki nauyi. A Arewa maso Gabas, inda ƙungiyar agaji ta ICRC ta tallafa aka buɗe cibiyar wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020, kuɗin masu ba da agaji ma wani abin nema ne. Amma hana duk mai shago hawa kujera zai bar majalisa fayau, tun da a sana'a ƙarama irin wannan da wuya a sami gogaggen da ba shi da wata hulɗar ciniki. Abin da zai yi aiki shi ne kowane ɗan takara ya bayyana shagonsa da dillancinsa da kwangilolinsa a rubuce kafin zaɓe, ya fita daga ɗaki idan ana tattauna abin da ya shafe su, kuma kada dillalin kaya ya shugabanci kwamitin ƙa'idoji ko na ladabtarwa, inda zai yi alƙalanci a kan abokan hamayyarsa na kasuwa ko masu sayen kayansa.

Likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi fa? ISPO tana karɓarsu, domin ita dandalin ilimi ce ta duk masu hannu a aikin. Ƙungiyar da za ta yi gardamar albashi da matsayi kuwa wani abu ne dabam, kuma wanda ya san tsamin da ke tsakanin ƙungiyar likitoci da JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, ba ya buƙatar dogon bayani. A ba su zama 'ya'ya na girmamawa da kujera a kwamitin ilimi, shugabanci ya tsaya a hannun masu sana'ar.

Kujerar da ba a cika tunawa da ita ba ita ce ta mai amfani da kayan. Hukumomin ba da shaida a Amurka suna sanya wakilin jama'a a majalisarsu, mutumin da ba ɗan sana'ar ba. A nan gida, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ƙarfafa hujjar a ji daga bakinsu a duk abin da ya shafe su. Mutumin da ya shekara goma yana tafiya da ƙafar roba a zafin Gombe ya san abin da gumi ke yi wa dungu, ya san wahalar zaman tahiya da tsugunno da ƙafar da aka ƙera don mai zama a kujera, ya kuma san nawa ake kashewa a mota don a je a ɗaure kusa ɗaya. Sharaɗin cancantarsa shi ne kada ya zama ma'aikacin wani ɗan majalisa ko dillalinsa, kuma ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman su turo shi, ba shugaba ya ɗauko na hannun damansa ba. Wurin da ya fi amfani shi ne kwamitin sauraron koke.

Wani sharaɗin da ya kamata wakilan Gombe da Bauchi su sa wa ido shi ne na halartar taro. Kundi yakan ce sai wanda ya halarci babban taron shekara sau uku a jere zai tsaya takara. Idan tarukan a Legas ko Inugu ake yinsu, ma'aikacin da shi kaɗai ne a sashensa a Azare ko Kaltungo, wanda tafiyarsa na nufin rufe ɗakin aiki mako guda da kashe albashin wata, ya faɗi tun kafin a buga ganga, haka ma mace mai goyo. Ko dai a ƙirga tarukan shiyya da halarta ta intanet, ko a cire sharaɗin.

Duk waɗannan sharuɗɗa wani ne zai fassara su ranar tantance 'yan takara, kuma a nan ne kyakkyawan kundi kan lalace. Kwamitin tantancewa ya ƙunshi mutane daga tsagin biyu daidai, waɗanda ba sa takara kuma ba majalisar riƙon ƙwarya ce kaɗai ta naɗa su ba, a liƙa rajistar masu ƙuri'a makonni kafin zaɓe don kowa ya duba sunansa, wanda aka hana takara kuma a ba shi dalili a rubuce da wurin ɗaukaka ƙara kafin ranar ƙuri'a. Game da tsarin amincewa da haɗewar kanta, ya fi kyau kowace ƙungiya ta kaɗa ƙuri'a a kan babin cancanta shi kaɗai, a taronta, kafin a kawo tambayar haɗewa gaba ɗaya. Idan aka cusa shi cikin tulin takardu aka ce a amince da duka ko a ƙi duka, waɗanda saɗara ɗaya ta dama za su kayar da shirin baki ɗaya, ko kuma su yi shiru su amince, sannan a haɗu da su a kotu bayan zaɓen farko.